Anti Za-ki-iya da Jan Flas

Ƙafafun ƙanwata na fi sani, ba muryarta ba. Muryar ta jama'a ce, duk mai waya a hannu ya san ta. Ƙafafun kuwa rabona ne, don duk ranar da ta gama jawabi shagona take biyowa kafin ta wuce gida. Ta zube a kan bencin masu jiran ɗinki, ta tuɓe takalman nan masu tsini, ta ce, “Yaya, ruwa.” Ni kuma in jawo tsohuwar robar da nake jiƙa yadi a ciki, in zuba mata ruwan ɗumi, ta tsoma ƙafafun da suka kumbura kamar burodi. Sai ta sa yatsu tana murza kumatunta. Wai murmushi ma yana da gajiya, kuma a nan take taruwa, ƙasan kunne.

Anti Za-ki-iya, haka duniya ta san ta. Aikinta shi ne ta tsaya gaban mata a ofisoshi da makarantu da ɗakunan taro na otal, ta ƙarfafa musu gwiwa, ta koya musu jan numfashi da yawan shan ruwa da barin damuwa a bakin ƙofa. In ta zo ƙarshe sai ta ɗaga hannu ta ce, “Juya ki dubi ta kusa da ke, ki ce mata: za ki iya!” Sai ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya. Daga nan sunan ya bi ta, har mai kayan miya na layinsu da shi yake kiranta. Ni dai da na goya ta, na share mata majina, ba na kiranta da shi sai ina son tsokana.

Ba ta tashi da niyyar wannan sana'a ba. Mai karɓar baƙi ce a wani kamfanin sabulu, har ranar da kamfanin ya rufe aka sallami kowa. Mata suka taru a bakin get suna kuka, ita kuma, da yake tun tana yarinya bakinta ba ya ƙaunar zama a rufe, ta haye kan wani benci ta fara magana. Ta sa su dariya, ta sa su kuka, ta sake sa su dariya. Wata ta ɗauka a waya. Kafin wata ya zagayo an fara kiranta taro. Labarinta take bayarwa a lokacin, yadda ta tashi da safe ba aiki ga 'ya'ya uku, kuma gaskiya ne tsantsa. Ta yi ta ba da shi har ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki.

To a nan gizo yake saƙar. Ita da kanta ta bayyana mini, ƙafafu a cikin roba.

“Yaya, ba nasiha mutane suke zuwa ji ba. Nasiha kowa yana da ita a gida, kyauta, har ta yi masa yawa. Labari suke so. Kuma labari ba ya tashi sai da ɗan abin da ido zai kama. In na ce wata mata ta sha wahala, ko a jikinsu. In na ce ta sha wahala har ɗankunnenta ɗaya ya ɓace ba ta lura ba, to na kama su.”

Na ce, “To in naki ya ƙare fa?”

Ta ce, “Ai labari ba ya ƙarewa.”

Gaskiyarta, bai ƙare ba, don da namu ta ci gaba. Ni aka fara ci. Shekarar da wayar lantarki ta haɗu shagona ya ƙone, na yi wata biyu a kwance ina zagin duk wanda ya zo yi mini jaje. Amma a bakin ƙanwata sai na zama “wata baiwar Allah mai ɗinki” wadda ta tashi washegari da murmushi, ta tone toka, ta tsinci almakashinta, ta ce da shi zan sake farawa. Almakashin gaskiya ne, yana nan har yau, hannunsa ɗaya a narke. Murmushin ne ban san inda ta samo shi ba. Mata suka riƙa zuwa shagon suna leƙen almakashi, wasu har da kawo ɗinki, don haka na yi tsaki na ƙyale. Ni fatata kauri gare ta.

Maigidanta ba haka yake ba. Mai gyaran firji da fanka ne, mutum mai shiru-shiru tun asali. Wata rana ya gaya mata hannunsa ya fara rawa in yana riƙe da ƙaramin sukurudireba, kuma abin yana ba shi tsoro. Ba a jima ba matar wani mai kawo masa gyara ta tare shi da fara'a, wai ta ji labarin wani dattijo mai gyaran firji a wurin taro, ya ƙarfafa mata gwiwa matuƙa. Bai yi faɗa ba. Daga ranar dai, ko me ta tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: “Lafiya lau.” 'Ya'yanta maza biyu da suke aiki a nesa su ma suka koyi darasi. In sun bugo waya, komai lafiya, aiki lafiya, a gaida Baba. Gidan mai koya wa mutane buɗe zuciya ya zama gidan da kowa ya sa wa tasa kwaɗo.

Auta ce kaɗai ta rage, 'yarta mace tilo. Ita har ta girma ba ta daina zama a gefen gadon uwar tana zuba ba. Ta gama karatu ta samu aiki a wani kamfanin inshora, a sashen amsa waya, inda mutanen da ransu ya ɓaci suke bugowa su sauke a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Tun safe har yamma abin sauraro yana maƙale a kunnenta, ana zaginta tana cewa na gode. Tana da wani jan flas na shayi da ba ta rabuwa da shi, ni na saya mata ranar da ta fara aiki.

Kada ku ɗauka ƙanwata muguwa ce. Gajiyayya ce kawai, kuma ba ta da izinin nunawa. Ta je kasuwa, sai wata ta riƙe mata hannu ta zazzage mata matsalar aurenta a gaban mai tumatir. Ta je asibiti, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, don kada a ce mai koyar da kwanciyar hankali tana layin masu hawan jini. Ƙwayoyin ma a kwalbar bitamin take juye su. Maƙogwaronta kullum a dashe, jakarta kullum da zuma. Ga yara sababbin shiga sana'ar, masu kiɗa da hotuna a allo, suna bin ta a baya kamar za su taka mata dunduniya. In na ce ta huta sai ta ce, “Wanda ya huta an manta da shi, Yaya.” In na ce to ta ja numfashi sau uku ta bar damuwa a bakin ƙofa, sai ta harare ni. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ana nan sai kamfanin su Auta ya shirya ranar kula da lafiyar ma'aikata, suka gayyaci Anti Za-ki-iya. Na bi ta, don rigar da na ɗinka mata ba ta gama zama a kafaɗa ba, sai da na ɗan kama ta da allura a cikin mota. Auta ta ce mana ba za ta shigo ba, tana kan waya a wannan lokacin.

Ɗakin taron dogo ne, kujerun roba a jere, na'urar sanyaya ɗaki tana ta ƙugi. Mutanen kuwa dole aka yi musu su zo, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Ƙanwata ta yi barkwancinta na buɗe taro, shiru. Ta sa su jan numfashi, rabinsu suna danna waya a ƙasan jaka. Ta jawo almakashina, wani a gaba ya yi hamma har da miƙa. Ina zaune a gefe ina kallon gumi yana tsattsafo mata a goshi duk da sanyin ɗakin. Wanda bai taɓa ganin mai jawabi a gaban ɗakin da ya mutu ba, ba zai gane ba. Kamar mai nutsewa take, duk abin da hannu ya kai gare shi kamawa za ta yi.

Sai ta sassauta murya ta ce, “Na san wata yarinya.”



“Tana aiki a wani banki, a wani gari can. Kullum in an tashi hutun rana, ba ta zuwa inda ake cin abinci. Matattakalar baya take bi, wadda ba a bi sai in gobara ta tashi. Ta zauna, ta tuɓe takalmanta, ta rungume wani jan flas a ƙirjinta, ta yi kuka har lokaci ya cika. Sannan ta wanke fuska ta koma tana cewa na gode.”

Wayoyi suka sauka. Kawuna suka ɗago. Ɗakin da ya mutu ya tashi, na ga fuskar ƙanwata ta dawo da haske, ta ci gaba ta ƙarasa labarin yadda ta saba: yarinyar ta koyi jan numfashi, ta warke, yau ita ce shugabar sashensu. Amma ni ba ita nake kallo ba. Kawunan nake kallo, yadda suke juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan ɗaki. Ashe manaja ya ce a rufe layukan waya kowa ya shigo. Auta tana tsaye kusa da ƙofa, jan flas ɗin yana hannunta.

Ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya har aka ce kowa ta juya ta dubi ta kusa da ita. Wata abokiyar aikinta ta dafa mata kafaɗa, ido cike da tausayi, ta ce, “Za ki iya.” A nan Auta ta buɗe ƙofa ta fita.

Wannan da nake gaya muku, sai da na nemi izinin Auta. Ta ce in faɗa, ai rabin gari ya riga ya ji daga bakin uwarta.

A mota na sauke wa ƙanwata kwandon masifa. Ta ce, “Amma ban faɗi sunanta ba, Yaya. Na ce banki. Na ce wani gari.”

“Flas ɗin fa?”

Ta kawar da kai wajen taga.

“Na ce flas ɗin fa? Ba za ki iya mai da shi shuɗi ba? Ba za ki iya mai da shi kofi ba?”

“Bai zo mini ba,” ta ce a hankali. “Yadda ta gaya mini haka ya fito. Kuma shi ne ya tayar da ɗakin.”

Wallahi abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, gaskiya ta faɗa. Yarinyar nan ta zauna a gefen gadonta ta gaya mata abin da ba ta gaya wa kowa ba, ita kuma wani ɓangare na kanta yana sauraro a matsayin uwa, ɗaya ɓangaren yana ajiyewa don ranar da ɗaki zai mutu. Ba da gangan take yi ba. Ni ma in na ga mutum, kafin mu gama gaisawa idona ya riga ya auna kafaɗarsa.

Da yamma Auta ta zo gidana da jaka ɗaya. Gidan a bayan shagon yake, ƙofa ɗaya ce tsakani. Ta ce, “Inna, zan zauna a nan.” Ban tambaye ta har yaushe ba. Ta ajiye flas ɗin a kan kantar da nake jera zare, ba ta sake taɓa shi ba.

Aikin ma bai daɗe ba. Kowa ya koma lallaɓa ta kamar ƙwai. Manaja ya kira ta ofis ya tambaye ta, da murya mai taushi, ko tana ganin za ta iya ɗaukar nauyin aikin. In ta bi matattakalar baya sai ta tarar da wata tana jiranta da hankici da shawara. Wuri ɗaya tak take da shi a duk ginin nan, uwarta ta buɗe wa jama'a shi. Ta ajiye aikin, ta dawo ta kwanta a ɗakina, fuska ga bango. Da ƙyar na ja ta muka je wurin likita, aka fara ba ta magani, ana kuma ganinta lokaci-lokaci.

Ƙanwata ta yi duk abin da ta iya, kuma abin da ta iya shi ne matsalar. Ta turo saƙon murya mai tsawo, da gabatarwa da darussa da kammalawa. Ta zo ta zauna a bakin gado ta ce, “Auta, mu buɗe zukatanmu.” Auta ta ce, “Ina wuni, Mama.” Ta ce, “Na san ranki ya ɓaci, kuma ɓacin rai baƙo ne, in an ba shi wurin zama zai tafi.” Auta ta ce, “Lafiya lau, Mama.” Da na ji wannan “lafiya lau” ɗin, irin ta ubanta sak, na san an zo wurin. Ƙofa ta ƙarshe a gidan ƙanwata ta rufe.

Haka watanni suka yi ta tafiya. Da safe ta shafa hoda ta je ta gaya wa matan wasu za su iya. Da yamma ta zo ta tsoma ƙafa a roba, idonta a kan ƙofar da ke tsakanin shago da gida. Ta rame, rigunan da na ɗinka mata suka fara yi mata yawa, ina ta kama su. Wata rana ta ce, “Yaya, mutum dubu suna saurarona, amma ba mai gaya mini komai.” Na ce, “Ai magana zarar bunu ce, kin zare.” Na so in tausaya mata a fili, bakina ne bai saba ba.

Ranar da abin ya ɗan motsa, daga asibiti ta biyo, ba hoda ba jan baki, ba ta da taro. Auta kuwa tana cikin ranakunta marasa kyau. Kitson kanta ya tsufa har ya cukurkuɗe, na yi magana na gaji. Ƙanwata ta nufi ƙofa, na sha gabanta.

“Tsaya. Anti Za-ki-iya za ki tuɓe ki ajiye a nan tare da takalmanki. In kika shiga kika ce numfashi, ko kika ce zuciya, wallahi da tsintsiya zan fito da ke.”

“To me zan ce?”

“Kada ki ce komai. Ga matsefi.”

Ta dubi matsefin kamar ba ta taɓa ganin irinsa ba, ta karɓa ta shiga. Na leƙa. Ta zauna a bakin gado ta daɗe, sannan ta kai hannu ta kama jelar kitso ɗaya ta fara tsefewa. Auta ba ta hana ba. Can sai ta sauko ƙasa ta zauna tsakanin ƙafafun uwar, ta ba ta baya, yadda take yi tun tana 'yar makaranta. Ba mai ganin fuskar wani. Wataƙila shi ya sa, da aka kai rabin kai, na ji muryar Auta ta fara fitowa ƙasa-ƙasa.

Ni ma fa mutum ce, kunnena ya miƙe. Amma na koma kan kekena, na ɗauki wani ƙyalle da ba na buƙata, na taka. Na yi ta ɗinka layi a kan layi har ƙyallen ya yi tauri, don kada in ji. Abin da ta faɗa a ranar ban sani ba har yau. Da na tsaya canza zare, abu ɗaya ya shigo kunnena.

“Wannan nawa ne, Mama.”

“Na ji,” in ji ƙanwata.

Ta fito idanu jajur, ta sa takalma ta tafi ba ta nemi ruwa ba. Auta ba ta koma gida ba, kuma washegari da uwar ta zo, “lafiya lau” ta sake samu. Na gane jira yarinyar take yi ta gani.

Ba a jima ba aka gayyaci ƙanwata babban taron mata ma'aikata na shekara, a otal mafi girma da ta taɓa shiga. Masu shirya taron sun ce in ta yi kyau, ita za su riƙa turawa rassansu duk shekara, ta huta da bin ƙananan ofisoshi. Na ɗinka mata riga ruwan toka, na bi ta da allura da zare.

Bayan cin abincin rana aka sa ta, lokacin da ciki ya cika ido ya yi nauyi. Wadda ta riga ta wata yarinya ce mai kiɗa da hotuna, ta sa mata tsalle har sun gaji, ta kwashe tafin ɗakin ta tafi da shi. Ƙanwata ta hau dandamali ta yi barkwanci, aka yi 'yar dariyar ladabi. Ta jawo kamfanin sabulu, shiru. Ta jawo almakashina, kafin ta kai ƙarshe wata a layin gaba ta ƙarasa mata, “Da shi zan sake farawa!” Aka yi dariya, amma ba irin wadda ake so ba. Duk sun gani a waya. Na hango shugabar masu shirya taron tana duba agogo. Gumin nan ya tsattsafo.

Sai na ji muryar ta sauka.

“Na san wata yarinya.”

Na runtse ido na ce inna lillahi. Da na buɗe, wayoyi suna sauka, kawuna suna ɗagowa, daidai irin na wancan karon. Mata sun fi dubu, sun yi tsit, suna jira. Ta riga ta kama su, ita ma ta sani. Abin da ya rage kawai ta buɗe baki. Auta ba ta ɗakin, ba ta ma unguwar. Za ta iya mai da ita ɗaliba, ta mai da ita 'yar wata ƙasa, ba wanda zai gane.

Ta tsaya riƙe da makirfo. Ina ganin maƙogwaronta yana motsi kamar mai haɗiye ƙwaya ba ruwa. Shirun ya yi tsawo har wani ma'aikacin otal ya matso yana duba ko wayar makirfon ce ta cire.

“A'a,” ta ce. “Ku yi haƙuri. Wannan ba nawa ba ne.”

Ta ce kowa ta gyara zama a ja numfashi. Kawuna suka koma ƙasa. Ta lallaɓa ta kai ƙarshe da ƙyar, da ta ce a juya a dubi ta kusa, 'yan tsiraru ne suka juya. Tafin da aka yi bai kai na taron iyayen yara a makaranta ba. Shugabar ta yi mata murmushi a bakin ƙofa ta ce za su kira ta. Har yau muna jiran kiran.

Kafin mu iso shago abin ya riga mu. An yanko daidai wurin da ta tsaya tana haɗiya, ana ta turawa a waya, an rubuta a ƙasa: yau dai Anti ba ta iya ba. Ta gani, ta kife wayar a kan benci. Ta tuɓe takalma, na kawo ruwa. Ba ta murza kumatu ba, don yau ba ta yi murmushin da zai gajiyar da su ba.

 Can ta ce, “Yaya, labarin yana da kyau, wallahi. Ban taɓa samun kamarsa ba. Da na ba da shi, har masu share ɗakin sai sun yi kuka.”

“Na sani,” na ce, ko da yake ban sani ba.

“Yana nan,” ta dafa ƙirji. “Nauyi gare shi.”

“Haka na mutane yake. Mu duk haka muke yawo da su.”

Ƙofar da ke tsakani ta buɗe. Auta ta fito, wayarta a hannu ɗaya, matsefi a ɗayan. Ba ta ce ta gani ba, ba mu tambaya ba. Ta sa ƙafa ta ture robar gefe har ruwan ya fantsama a kan siminti, ta zauna a ƙasa tsakanin jiƙaƙƙun ƙafafun uwarta, ta ba ta baya, ta miƙa matsefin ta kan kafaɗa.

“Mama, yau ma ban tashi da daɗi ba.”

Bakin ƙanwata ya buɗe. Na rantse na ga komai ya yi layi a kan harshenta, numfashin da ruwan shan da baƙon da ake ba wurin zama. Ta rufe shi. Ta karɓi matsefin.

“To,” ta ce. “Kawo kan nan.”

Na jawo ƙyallena na taka keke.